Dandalin Dutse na Sabrata

A fadojin Mayahi idan aka ambaci Sabrata ba wanda ke kawo tarihi a ransa. Sunan yakan fito ne cikin hirar nan da ake yi ƙasa-ƙasa bayan an sha shayi na biyu: wane ya isa Sabrata, wane yana can yana jiran jirgin roba, wane kuma tun da ya kira daga Sabrata salularsa ba ta sake shiga ba. A wurinmu tasha ce ta ƙarshe, daga ita sai Italiya ko lahira. Kaɗan ne cikinmu suka san cewa a gefen garin, dab da inda igiyar ruwa ke bugun duwatsu, akwai gidan wasan kwaikwayo da aka gina shekara wajen 1,800 da suka wuce, wanda ake lissafawa cikin mafiya kyau da Rumawa suka bari a duniya. A lakkwal an koya mana Roma kamar abin Turai ne zalla: ƙasa mai siffar takalmi a taswira, da sunayen sarakuna da za a haddace don jarrabawa. Alhali ɗaya daga cikin sarakunan nan, Saftimiyus Seferus, wanda ya hau mulki a shekarar 193, haifaffen Libiya ne, ɗan garin Labda.

Sabrata tana kilomita wajen 70 yamma da Turabulus. Ba Rumawa suka kafa ta ba. Finikiyawa ne, fatake na teku, suka mai da wurin zango ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya Roma ta haɗiye su. Garuruwa uku ne a jere a wannan gaɓa: Sabrata, da Oya, da Labda. Kalmar Turabulus ma asalinta "birane uku" ke nan a harshen Girkawa. Oya ita ce ta rayu ta zama babban birnin Libiya na yau, sauran biyun suka zama kufai.

A ƙarshen ƙarni na 2 aka gina gidan wasan. Wanda ya taɓa shiga filin kokowa na Kantu a Maraɗi, to ya raba shi biyu a zuciyarsa, ya ɗauki rabi. Wurin zaman 'yan kallo haka yake, kamar rabin ƙwarya, matakala bisa matakala, faɗinsa ya haura mita 90, yana ɗaukar mutum wajen 5,000. Inda ɗaya rabin zai kasance sai aka yi dakali mai tsawon sama da mita 40, nan 'yan wasa ke tsayawa. A bayansu kuma aka tayar da bango hawa uku, tsayinsa ya wuce mita 20, an jera masa ginshiƙan marmara wajen ɗari, da ƙofofi uku na shigowar 'yan wasa. Bangon nan ba ado kaɗai ba ne. Shi ke tare murya ya maido ta ga jama'a, har wanda ke can ƙololuwa ya ji, a zamanin da babu lasifika babu janareto. Labulensu ma ba sama yake yi ba. In za a fara wasa sai a sauke shi cikin wani rami da ke gaban dakalin, in an gama a ɗaga shi. A fuskar dakalin an sassaƙa hotuna cikin marmara: 'yan wasa suna gwaji, fuskokin aro masu dariya da masu kuka, malamai suna gardama, sannan a tsakiya mata biyu sun kama hannun juna, ɗaya Roma ce, ɗaya Sabrata, sojoji na tsaye a gefensu. Wato ko kafin ɗan wasa ya buɗe baki an riga an gaya wa ɗan kallo wa ke da ƙasar.

Ni abin da ya fi riƙe ni a labarin irin waɗannan gidaje shi ne yadda ake zama a cikinsu. Shiga kyauta ce, don mai kuɗin da ke neman muƙami ko mai muƙamin da ke neman suna shi ke biya. Amma kyautar nan tana da tsari. Tun zamanin sarki Agusta aka kafa dokar wa zai zauna ina. Manyan gari a gaba, ƙasa, kan kujerunsu, an raba su da sauran jama'a da ɗan guntun bango. Masu hali a bayansu. Talakawa su hau sama. Mata da bayi can ƙarshe, inda iska ta fi kaɗawa. Mutum ya shigo ya ɗaga kai sau ɗaya, ya ga garin gaba ɗaya an jera shi kamar kayan koli, kowa da farashinsa. Wannan kam ba sai an fassara mana ba. Duk wanda ya je bikin da aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba don manyan baƙi, mu kuma aka bar mu a rana muna leƙe ta kafaɗar juna, ya san dokar Agusta ko bai taɓa jin sunansa ba.

'Yan wasan su kansu fa? Jama'a na son su kamar me, ana yi musu tafi, ana ba su kyauta, amma a dokar Roma ɗan wasa mutum ne marar daraja, ba ya riƙe muƙami, kuma da yawansu bayi ne ko 'yantattu. Haka muke yi da maroƙa da 'yan kama. A yi dariya har a riƙe ciki, a yi musu kari, amma ranar da ɗayansu ya zo neman ɗiyar gidan sai a fara tambayar asali. A lokacin da aka gina dandalin Sabrata manyan wasannin Girkawa sun ja baya. Abin da ke tashe iri biyu ne: mai rawa guda da ke sa fuskar aro ya kwaikwayi labari ba tare da ya furta kalma ba, makaɗa da mawaƙa na bayansa, sai kuma wasan barkwanci na kwarto da mijin da aka yi wa wayo da ɓarawon da aka kama. Duk wannan marmara, don a kalli kwarto yana ɓuya a akwati!

Bari in ɗan ratse, don akwai wata shari'a da aka yi a garin wadda in aka ba da labarinta a Tasawa za a rantse jiya ta faru. Wajen shekarar 158 wani matashi malami mai suna Afuliyus, ɗan ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ya auri wata bazawara mai dukiya, 'yar Oya, wadda ta girme shi, kuma uwar abokinsa ce. Dangin mijinta na fari suka ce atafau asiri ya yi mata don ya ci gado. Aka kai shi gaban gwamna a Sabrata, kuma laifin sihiri a lokacin yana iya kai mutum ga kisa. Cikin hujjojinsu har da cewa yana sayen wasu irin kifaye, kuma yana da madubi. Ya tashi ya kare kansa da bakinsa, ya mai da masu ƙarar abin dariya, jawabin nasa kuma yana nan har yau ana karantawa. Ba a gidan wasan aka yi zaman ba, don lokacin ba a gina shi ba tukuna, amma ina jin garin bai taɓa ganin wasan da ya kai wannan ba.

To daga ina dukiyar ginin ta fito? Wani kaso daga man zaitun da hatsin da ake lodawa zuwa Roma. Wani kaso kuma daga kudu, daga wajenmu. A Ostiya, tashar jiragen ruwan Roma, akwai wani fili da fataken garuruwa daban-daban ke da rumfuna, kowace da tambarinta a daɓe. Tambarin mutanen Sabrata giwa ce, har yanzu tana nan. Kada wani ya je ya ce na ce Rumawa sun zo Mayahi. Ba su mallaki ƙasarmu ba, ba su ma kusance ta ba. Tsakaninsu da mu akwai wasu mutane da ake kira Garamanta, masu birni a Jarma ta ƙasar Fezzan, waɗanda suka iya haƙa hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa suna noma a tsakiyar hamada. Ta hannunsu kaya ke haurawa zuwa gaɓa: hauren giwa, duwatsu masu daraja, namun dajin da ake kashewa a filayen wasa don nishaɗi, da mutane. Hanyar ba ta mutu da mutuwar Roma ba. Ita ce Gadamusawa suka yi ta bi zuwa Kano, har suka yi gidaje a can. Ita ce Baturen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo daga Turabulus a 1850, yana tsayawa yana zana kaburburan Rumawa da ya tarar a kwazazzabai, ya ratsa Agadas, ya sauka a nan Tasawa cikin watan Janairun 1851. Yau kuma Hilux ce ke ɗaukar mutum ashirin da wani abu, kowa ya riƙe sanda tsakanin ƙafafunsa kada ya faɗo, daga Agadas zuwa Dirku, Madama, Gatrun, Sabha.

A gidan wasan Labda, wanda ya girmi na Sabrata, akwai rubutu a bisa ƙofa cikin Latin da harshen Finikiyawa, yana faɗin wanda ya biya kuɗin ginin, wani attajiri Annobal Rufus. Shekara dubu biyu sunansa na nan. Rubutun bai ambaci wanda ya fasa dutse ba, ko wanda ya ɗauko shi a ka.

Yayana ya yi shekara uku a Libiya yana aikin gini, kusan ɗaya daga ciki a Sabrata. Bai yi lakkwal mai nisa ba. Wata Juma'a da babu aiki shi da abokinsa suka bi bakin ruwa suka shiga kufan, ba don tarihi ba, don kawai ɗakin da suke kwana su goma sha biyu ya yi zafi. Da ya dawo gida na dame shi da tambaya. Ina son ya gaya mini yadda ya ji a ransa, shi kuwa sai maganar dutse yake yi.

Na ce, "Yaya, ba ka ji wani abu ba da ka tsaya a gabansa?"

Ya ce, "In ji mi? Kai ɗan lakkwal, dutsen nan fa taushi gare shi. Da farce na karce shi, yashi na zuba. Sai da suka yi mishi yaɓe, in ba haka ba iskar gishiri ta cinye shi tuni. Kuma wallahi ba hannu ɗaya ya yi aikin ga ba. Akwai tsohon aiki, akwai sabo. In ka duba wurin haɗin za ka gani."

Bai karanta wannan a ko'ina ba, amma gaskiya ya faɗa. Ginin da ake ɗaukar hoto yau ba haka ya tsaya tun zamanin Rumawa ba. Girgizar ƙasa ta shekarar 365 ta yi wa garin mummunar ɓarna. Bandalawa suka zo, Rumawan Gabas suka karɓe a ƙarni na 6 suka kewaye ɗan abin da ya rage da ganuwa, gidan wasan ma yana wajenta. Bayan zuwan Larabawa a ƙarni na 7 kasuwa ta koma Turabulus, aka watse, yashi ya rufe. Bangon nan mai hawa uku ya kwanta ƙasa gunduwa-gunduwa fiye da shekara dubu.

Italiyawa ne suka tashe shi. Sun mamaye Libiya a 1911, suka fara tono a Sabrata cikin shekarun 1920. Wani masani Jakomo Gidi ya ɗauki shekaru yana haɗa gutsattsarin kamar mai ɗinkin ƙwarya, inda babu a cike da sabon dutse. Ya rasu a 1936, wani Jakomon, Kaputo, ya ƙarasa. A watan Maris na 1937 Musolini da kansa ya zo ya zauna a sahun gaba, aka yi masa tsohon wasan Girkawa na sarki Odifus. Ban raina aikin masanan nan ba, aiki ne na haƙuri da ilimi, ba don su ba da babu abin da yayana zai karta da farce. Amma a duba kwanan wata. A 1931, lokacin da ake ta jera ginshiƙai a Sabrata, a gabashin ƙasar aka rataye Umar Muktar a gaban dubban mutanensa, ana kuma tsare da ƙabilu sukutum a sansanoni cikin hamada, inda dubbai suka mutu. Gwamnatin da ta biya kuɗin waya mai ƙaya ita ta biya kuɗin gyaran dandali. Abin da take son faɗa a fili yake: kakanninmu suka gina nan, mu ba baƙi ba ne, gida muka dawo. Hoton matan nan biyu masu riƙe da hannun juna ya sake samun aiki bayan shekara 1,700. Leburorin da suka kwashe yashin kuwa 'yan ƙasar ne.

A 1982 UNESCO ta sa Sabrata cikin wuraren tarihi na duniya, jerin da tsohon garin Agadas ya shiga a 2013. A 2016 ta mai da ita cikin waɗanda ke fuskantar haɗari saboda yaƙi. A watan Satumban 2017 ƙungiyoyi masu bindiga suka gwabza a cikin garin makonni, har harsasai suka sassami bangon gidan wasan. Da ƙura ta lafa sai aka gano sama da mutum 14,000 da masu fataucin mutane suka tsare a gidaje da gonaki da ɗakunan ajiya a kewayen garin, akasarinsu baƙaƙen fata daga kudu da hamada. Na ga yadda aka yi ta nuna ramukan harsashi a jikin dutse ana jimami. Ban ce kada a yi ba, dutsen ba shi da laifi, kuma in ya rushe ba a samun wani. Sai dai raina bai daina ƙuna ba in na tuna cewa ginin yana da lamba a rajistar duniya, ana auna kowace tsagarsa, alhali akwai gidaje a Kanambakashe da Isawan da har yau ba su san ko su yi sadakar arba'in ko su ci gaba da jira ba. Mai zama a matakalar dandalin arewa yake fuskanta. Ta cikin ƙofofin 'yan wasa ana hango teku, kuma tsibirin Lampedusa na can gaba, kilomita wajen 300.

Da yawa cikin masu karanta wannan ɗan littafi suna lissafin tafiyar nan a ransu, in birbe ko bak ba ta yi ba. Ba zan yi muku wa'azi ba, na san abin da rumbu ke cewa a watan Afrilu, kuma kwanon rufin ɗakinmu kuɗin Libiya ne. Abin da ke damuna shi ne yadda muke shiga ƙasar. Mun san farashin kowane shinge daga Agadas zuwa Sabha, mun san sunan kowace unguwa da ake tsayawa jiran mai neman lebura, amma ba mu san cewa ƙasar da ake kiranmu bayi a titunanta an gina ƙawarta da abin da ya fito daga wajenmu tun kafin Musulunci ya iso ta. Yayana ya tsaya a gaban bangon nan yana ɗari-ɗari kada mai gadi ya kore shi. Da ni ne mai ba shi shawara a ranar, da na ce ya je ya zauna a sahun gaba.

Akwai masu cewa, in an nuna musu hoton wurin, "Ka ga mutane, mu mi muka gina?" Wannan magana tana ba ni haushi. Gidan wasa na dutse yana bukatar abu uku: dutse a kusa, attajirin da ke son a sassaƙa sunansa, da mutanen da za a sa aiki ko suna so ko ba sa so. Mu a bakin Gulbin Kaba yashi gare mu da laka da kara. Abin da muka yi shi ne dandali: fili a tsakiyar gari, farin wata, kalangu, da'irar da mutane ke yi da jikinsu, in an gama kowa ya tafi da ita gida. Kuma wasan bai tsaya a gaɗa da tashe ba. A zamanin Seyni Kunce samariya ta kowane gari tana da 'yan wasan kwaikwayonta, ana gasa tun daga ƙauye har zuwa bikin matasa na ƙasa. Iyayenmu har yau in aka ambaci Yazi Dogo sai sun murmusa kafin su ce komai. Gwamnati ta so wasannin su zama bakinta, a yi maganar tsafta da biyan lanho da sa yara lakkwal, kamar yadda Roma ta so nata. 'Yan wasa kuma suka riƙa saka abin da suke so a tsakanin layi, jama'a na ganewa.

Sabrata ta riƙe gini ta rasa wasannin, sai 'yan hotuna a marmara. Namu wasannin suna nan tukuna, amma a cikin kawunan mutanen da suka haura sittin. Cikin hutun da ya wuce mu uku daga ƙungiyarmu muka je wurin wani tsoho a unguwarmu wanda ya yi wasa a samariya. Muka gaishe shi, na ce, "Baba, so muke ka ba mu labarin wasan da kuka kai Maraɗi, mu rubuta."

Ya ce, "Rubutawa? Ai ba a rubuce muka yi shi ba, ɗiyana. Da dare muke haɗuwa, a ce kai ne mai gari, kai ne gardi, ke ce uwargida, kowa ya nemo maganarshi."

Ya fara ba mu labarin yana zaune, wani gardi ne da aka aiko karɓar lanho ya ƙyalla ido ya ga akuyar mai gari. Ya yi minti biyar yana laluben sunayen waɗanda suka yi wasan tare, yana cewa wane ya rasu, wance tana Kano wurin ɗanta. Can sai ya ce a'a, haka ba ta yiwuwa. Ya dafa bango ya miƙe, ya karkata hularsa, ya ɗauki muciyar da ke jingine a bakin madafa ya saƙale a hammata, ya turo ciki gaba. Ya taka daga bakin zaure zuwa gindin dogon yaro yana jan ƙafa ɗaya, yana hararar kaji. Jikokinsa, waɗanda ba su taɓa ganin gardi ba, suka faɗi ƙasa don dariya. Matarsa ta leƙo daga ɗaki ta ce ba haka yake yi ba a da, ƙafar hagu yake ja.